Neman kalma: me za mu kira finafinan "art-house" da Hausa?

Mai Gabatarwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gobe ƙarfe goma na safe zan shiga situdiyo. Shirinmu na wannan makon a kan Abbas Kiarostami ne, daraktan nan na Iran da ya rasu a 2016. Zan tsaya kan fim ɗinsa da ya ci babbar kyautar Palme d'Or a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 1997: mutum ɗaya a mota yana kewaya tuddan bayan garin Tehran, yana neman wanda zai yarda ya rufe shi da ƙasa idan ya kashe kansa. Ba rawa, ba faɗa, yawancin hirar a cikin motar ake yin ta. Turawa na ce wa irin wannan "art-house". Ba na son in yi ta maimaita Turanci a shirin Hausa. Ku agaza mini.

Ɗalibi: Wa alaikis salam Hajiya. Finafinan fasaha mana.

'Yar Fagge: Ƙanena, yanzu "fasaha" ta tafi wajen waya da kwamfuta. Mai sauraro zai zaci fim ne kan mutum-mutumi. Ni na fi son "finafinan nazari", don sai ka zauna ka yi tunani kafin su buɗe maka.

Ɗan Damagaram: Asalin kalmar "art-house" ma gidan da ake nuna su take nufi, ƙananan gidajen silima da ba sa bin kasuwa. Mu a nan da Faransanci mukan ji "cinéma d'auteur", wato fim ɗin da darakta ya mallake shi kamar yadda marubuci ke mallakar littafinsa. Ga shawarata: "fim mai tambarin darakta".

Malam Dattijo: Duk kun kauce tun daga tushe. Mene ne "fim"? Mene ne "darakta"? Muna da majigi tun muna yara, ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Ku ce majigin hikima. Na jima ina amfani da ita a aji, ɗalibai kuma suna ganewa.

'Yar Fagge: Allah ya gafarta Malam, ai majigi ma aro ce, daga "magic" ta Turanci ta fito. Kuma in aka ce majigi, abin da ke zuwa wa mutane shi ne na gwamnati, na rigakafi da noman gyaɗa.

Malam Dattijo: Aron da ya kwana shekara da shekaru a bakin Bahaushe ya zama ɗan gida. Majigin hikima nake cewa, kuma ina kan bakata.

Ɗalibi: Baba, to namu na Kano majigin me ke nan? Na rashin hikima? Abin da ke damuna da duk sunayen nan ke nan. Da an ce "na nazari" ko "na hikima", an riga an ƙasƙantar da wanda mahaifiyata ke kallo.

Ɗan Damagaram: Ba a ƙasƙantar da kowa ba, kuma abin ba na Turawa kaɗai ba ne. Oumarou Ganda namu na Nijar shi ne daraktan da ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya ci kyautar alƙalai a Cannes a 2010, Souleymane Cissé na Mali ya ci irinta tun 1987. Abin takaicin shi ne yaranmu sun haddace jaruman Indiya, ba su taɓa jin waɗannan ba.

'Yar Fagge: Indiyar ma tana da darakta Satyajit Ray, wanda ya fara tun 1955, amma wa ya taɓa ganin fim ɗinsa a gidan kallo a Kano? Sai dai Yaya, kada a manta an yi Shaihu Umar da Hausa a 1976, Adamu Halilu ya shirya shi. Ba Nijar kaɗai ke da tarihi ba.

Ɗan Damagaram: Ban ce ita kaɗai ba, na ce ita ta riga.

Mai Gabatarwa: Don Allah a dawo, dare na yi. "Mai tambarin darakta" ta yi mini tsawo a baki, amma zan yi amfani da ita wajen bayanin shi Kiarostami kansa, don dogon shirunsa da hanyoyinsa masu lanƙwasa tambarinsa ne. Sunan rukunin kuma zan ce "finafinan nazari", in faɗi ta Turancin sau ɗaya a farko. Ƙanena, na ji kukanka, zan bayyana cewa bambancin na manufa ne, wani don kasuwa, wani don ya bar ka da tambaya.

Ɗalibi: Raina bai kwanta ba tukuna, Hajiya, amma ta fi "hikima" sauƙi.

Malam Dattijo: Shirinki ne, 'yata, Allah ya ba da sa'a. Ni dai a ajina majigin hikima ce. Idan masu sauraro suka kira suna tambayar nazarin me, ki dawo nan ki gaya mana.