Microsoft da ta kira Linux ciwon daji, me ya sa yanzu take rungumar sa?

Mai Koyon Kod:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da VS Code nake koyon rubuta manhaja, aikina kuma a GitHub, shafin ajiyar kod, nake ajiye shi, sai malaminmu ya ce dukansu na Microsoft ne. Abin ya ɗaure min kai. Kamfanin nan ne fa shugabansa na wancan lokacin, Steve Ballmer, ya kira Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta mai buɗaɗɗen kod da ke gogayya da Windows, ciwon daji a 2001. Yau kuma ya saki kod ɗin VS Code kowa ya duba ya gyara, ba ko sisi. Wanda ya yi arziki da sayar da lasisin Windows da Office, me zai ci a kyauta? Ina tambaya ne don kada in kafa sana'ata a kan abin da za a janye gobe.

Injiniya Mai Saba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Hanyar shigowar kuɗi ce ta sauya. A zamanin Ballmer, duk kwamfutar da aka sa wa Linux, lasisin Windows ɗaya ya tafi ke nan, dole ya ji zafi. Satya Nadella da ya karɓi shugabanci a Fabrairun 2014 daga ɓangaren da ke kula da Azure ya fito, inda kamfanoni ke hayar manyan kwamfutoci ta intanet suna biyan gwargwadon abin da suka yi amfani da shi. Amazon ta riga su shiga wannan kasuwa tun 2006, kuma masu hayar da yawa Linux suke so. Ka ce musu sai Windows, su wuce Amazon. Mai gidan haya ba ruwansa da abin da ɗan haya ke dafawa, kuɗin wata yake jira.

Daga nan aka buɗe kod ɗin .NET, dandalinsu na gina manhaja, a 2014, suka shiga Linux Foundation, gidauniyar da ke tallafa wa Linux, a 2016, suka sayi GitHub a 2018 kan dala biliyan 7.5. Wannan cinikin na ƙarshe irinku aka saya da shi. A wurin aikinmu manaja bai taɓa zaɓar inda za a ɗora manhaja ba, mu masu rubutawa yake tambaya. Wanda hannunsa ya saba da VS Code da GitHub, Azure ce kusa da shi. Sun riga sun ga yadda kasuwar waya ta kuɓuce musu zuwa Android, wanda kan Linux aka gina shi, domin masu rubuta manhaja ba su bi wayar Windows ba.

'Yar Damagaram:
Malam Injiniya ya faɗi gaskiya, amma a duba abin da ba a buɗe ba. Windows da Office har yau a kulle suke, GitHub ɗin kansa ma haka. VS Code da kake saukewa daga shafinsu yana da lasisi daban da na kod ɗin, kuma yana aika musu bayanan yadda ake amfani da shi, shi ya sa wasu suka haɗa VSCodium daga kod ɗin, wanda ba ya aika musu waɗannan bayanai. Abin da ya fi ci min rai shi ne Copilot, manhajar AI mai taya rubuta kod: a 2021 suka fito da shi, an horar da shi da kod ɗin da mutane suka ajiye a fili, daga baya aka sa masa kuɗi.

Mai Koyon Kod:
To Yaya, in bar su ke nan?

Injiniya Mai Saba:
A'a, ci gaba da aikinka. Kod ɗin da aka riga aka saki da lasisin MIT, mai barin kowa ya kwafa ya gyara, kamar na VS Code, ba a iya ƙwace shi daga hannun jama'a. Da kamfanin Oracle ya sayi kamfanin Sun, mai manhajar ofis ta OpenOffice, a 2010, masu aikin manhajar kwafe kod ɗin suka yi suka kafa LibreOffice, yana nan har yau. Inda za ka kula shi ne ma'ajiya. Ka koyi git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren kod, sosai a baƙin allon rubuta umarni, ba danna maɓalli kaɗai ba, ka bar kwafin aikinka a kwamfutarka, ka tura wani kwafin zuwa wata ma'ajiyar kamar GitLab ko Codeberg.