Wai ƙwaƙwalwar mai taɓin hankali a karkace take?

Yayan Mara Lafiya: Na gaji da masu cewa lalaci ne kawai ke damun ƙanena. Yaro yana jin muryoyin da babu mai su, ya kwana ido biyu, a ce wai ya daure? A 2016 masu bincike a Japan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwa (MRI) na mutum 884 masu sikizofireniya, wato irin wannan ciwon taɓin hankalin, da lafiyayyu 1,680, suka ga wani curi da ke can cikin ƙwaƙwalwa, falidam, na hagu ya fi na dama girma a wajen marasa lafiyar. Ƙwaƙwalwarsu a karkace take. Ciwo ne, jama'a!

Uwar Biyu: Allah ya ba shi lafiya. Amma "karkace" kuma? Haba Malam. 'Yata tana shan maganinta, tana karatunta, ba karkatacciya ba ce.

Malamin Jinya: Hajiya ta yi gaskiya. Ta wa ce a miƙe? Ƙungiyar ENIGMA ta masu binciken ƙwaƙwalwa ta auna ƙwaƙwalwar sama da mutum 15,000 a 2017, ta tarar hagu da dama ba su cika zuwa daidai ba ko a lafiyayyu. Tun ƙarni na 19 Paul Broca na Faransa ya nuna magana ta fi zama a ɓarin hagu.

Yayan Mara Lafiya: Ba zagi nake ba, Hajiya. Ƙanena ne fa, ciki ɗaya.

Uwar Biyu: To ka janye kalmar.

Bahago: Mu masu rubutu da hagu fa? Mu ma karkatattu ne ke nan?

Ɗalibar Likitanci: Babu wanda ya ambaci hannu, ɗan'uwa. Bambancin nan ɗan kaɗan ne, sai an tara ɗaruruwan hotuna an yi lissafi yake fitowa, ba a gane ciwon mutum ɗaya da shi. Kuma magungunan ciwon kansu suna iya ƙara girman falidam. A ciwon damuwa ma ENIGMA ta duba a 2019, ba ta ga wani bambanci ba.

Malamin Jinya: Abin da na faɗa ke nan, kin maimaita.

Ɗalibar Likitanci: Ba shi ka faɗa ba, Malam. Ina ka ambaci magani?

Malamin Jinya: Mu da ke kwana da marasa lafiya a ɗaki, ɗaliba ce za ta koya mana magani?

Bahago: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsa ba.

Uwar Biyu: Kuma bai janye ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: kowa ƙwaƙwalwarsa ba daidai take hagu da dama ba, kamar yadda Malamin Jinya ya warware tun farko, kuma shi ya san aikin. Kalmar "karkace" ba ta dace ba, na goge ta. Ɗalibai su riƙa girmama na gaba da su. Na rufe.