Tsohuwar tarakta: kik da dainamo a gwangwani ɗaya, yana tada inji amma ba ya caji

Ƙaramin_Rewaya:
Salam oganni. An kawo min wata 'yar ƙaramar tarakta tokumbo ta Amurka, Cub Cadet, injin Kohler mai silinda ɗaya, mai ita yana jan tirelar taki da ita a lambu. Abin da ya ɗaure min kai ba ta da kik daban da dainamo daban, abu ɗaya ne da fanbel, an rubuta Delco-Remy a jiki, shi ke tada inji shi kuma ke caji. Yanzu juyin nasa sanyi-sanyi sai ka taimaka masa da hannu, caji kuwa babu, batir na nan a volt 12.2 ko an taka wuta. Na buɗe, ciki baƙi ƙirin da garin kabon da ƙura. In wanke da fetur? Kuma in ba F, wato notin kwayil ɗin caji, wuta kamar yadda muke wa dainamon Massey ko yaya?

Baba_Makanike:
Wa alaikassalam yarona. Tsaya, kar ka kuskura ka kai wutar batir kan F. Na Massey 135 Lucas ne, shi katawut, akwatin da ke daidaita caji, ke tura wa F wuta shi ya sa muke ɗan taɓa masa. Wannan Delco ɗin akasin haka yake, kwayil ɗin caji daga A, notin da wutar caji ke fitowa, yake samun wuta, katawut kuma atin yake ba F, wato ya haɗa shi da jikin ƙarfe. Ka sa masa wuta a can ka ƙone foyin ɗin katawut, kuma samun irinsa a kasuwa aiki ne.

Gwajin ba wuya. Tada inji, sa mita a kan A, ka ɗauki guntuwar waya ka haɗa F da jiki na 'yan daƙiƙu kawai. In wuta ta haura ta wuce 14 to injin cajin lafiyarsa lau, katawut ne ko wayarsa ko atin ɗinsa ya yi tsatsa. In ba ta motsa ba laifin na ciki.

Wanki kuma, murfin gaba da na baya da fuli ka wanke da kananzir son ranka, amma amecha, wato abin da ke juyawa a ciki, da kwayil kar ka jiƙa su, kayan sun haura shekara hamsin, International Harvester ta fara fito da Cub Cadet a 1961, fentin da ke jikin wayoyin ya riga ya bushe yana jiran dalili ne. Busa iska, tsohon burushin haƙori, tsumma mai ɗan danshi, shi ke nan.

Oga_Rewaya_Gusau:
Baba ya gama magana kan F. Ni kan tagullar da kabon ke hawa zan ƙara, don a nan yara ke ɓata aiki. Samfefa mai laushi ta katako za ka yanko siririya ka naɗa kana juya amechar da hannu har jan ya fito, ban da baƙar nan ta goge ƙarfe, garinta yana ɗaukar wuta ya maƙale a tsagogi ya haɗa maka layi da layi. Sannan ka samu karyayyen bakin zarto ka goge gefensa ya sirance, ka bi tsaga ɗaya bayan ɗaya ka kwashe baƙin da ya cushe, ƙasa da milimita ɗaya ya isa, ba rijiya za ka haƙa ba. Duba gindin tagullar inda wayoyi suka shiga, in ka ga ɗigon dalma ya watsu a cikin gwangwanin to an taɓa matsa masa kik har ya narke, wannan sai an sake liƙi.

Kabon biyu ne kacal. In sun cinye rabi canza duka, kuma ka ja sifirin da yatsa ka ji, wanda zafi ya kashe ba ya danna komai ko kabon sabo ne. Kwayil ma biyu ne, mai kaurin waya na tashi, mai siririya na caji, shi ya sa zai iya juya inji alhali ba ya caji, siririyar ce ke fara mutuwa. Boris yawanci 6203 ne, yana ko'ina, amma wasu bushin ne a baya, duba naka kafin ka je siya.

Direban_Tantan:
Ni ba rewaya ba ne amma sanyin juyin nan ku duba fanbel ma, in ya saki fuli ke gudu shi kaɗai inji na zaune. Kuma kar a ɗaure shi tamau ya ci boris.

Ƙaramin_Rewaya:
Allah ya ƙara girma Baba, na gode Oga. Na haɗa F da jiki, mita ba ta ko girgiza ba. Na auna siririn kwayil ɗin babu layi, wayar ta tsinke daidai ƙarƙashin notin F. Kabon ɗaya ma ya maƙale a gidansa. Gobe zan liƙa in canza boris. Bayan na ɗaura sai me?

Baba_Makanike:
Kafin ka tada, ɗauki waya ka taɓa notin da aka rubuta BAT da na GEN a jikin katawut sau ɗaya, tartsatsi ɗaya ka cire. Kuma ka kankare fentin inda ƙafar katawut ke zama don ya samu atin.