Gudu nake so, wane kwas zan karanta?

Barewa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Bana zan gama sakandare, mita 800 nake gudu, kuma ba na jin zan iya barinsa. Wane kwas zan ɗauka da ba zai cinye min lokacin atisaye ba?

Koci: Wa alaikumus salam. Kimiyyar wasanni ko aikin gashin ƙashi. Ko ƙafa ta gaji kina nan cikin harkar. Jami'ar Loughborough ta Ingila ta yi suna a nan.

Tsohon Ɗan Tsere: Ƙanwata, tambayar taki ce ba ta yi min ba. Kwas mai sauƙi kike nema, irinsa aka zaɓa min lokacin da na samu tallafin karatu a wata jami'a a Amurka. Kocinmu da kansa ya ce in ɗauka don kada darasi ya ci karo da atisaye. Ana cikin haka ƙashin ƙwaurina ya tsage saboda yawan gudu. Tallafin nan kuwa duk shekara ake sabunta shi, da lokaci ya zo suka ce sai haƙuri. Na dawo ba gudu, ba takardar da za ta ciyar da ni. In kin samu tayi, ki sa a nuna miki a rubuce: shekara nawa ne, kuma me zai faru in kin ji rauni. Sannan NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ba ƙafa kaɗai take dubawa ba, sai matsakaicin makinki na sakandare ya kai 2.3 cikin 4 a darussa 16 kafin ki yi gasa a rukuninta na farko.

Anti Likita: Gaskiyarka yaya. Gabby Thomas a Harvard ta karanta kimiyyar ƙwaƙwalwa, ta kuma ci zinare a mita 200 a Faris a 2024. Roger Bannister ma ɗalibin likitanci ne da ya yi mil ɗaya ƙasa da minti 4 a 1954.

Ɗan Auta: Anti, zamanin Bannister ai ko ni zan iya 😂

Koci: Kai da tumbin nan? Zagaye ɗaya za a kwaso ka.

Ɗan Auta: Tobi Amusan fa? Ta jami'ar Texas ta El Paso ta bi, ga shi ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a 2022.

Anti Likita: Wannan tsallaken shinge ne, yarinya 800 ta ce.

Koci: Ai duk 'yan gajeren zango haka kuke, daƙiƙa 12 kun tafi hutawa.

Barewa: To wai wane kwas ɗin?

Koci: Turo min lokacinki na ƙarshe tukuna.