Wa ke da ikon hana ɗan gidan sarautar Ingila aure?

Ɗan Kantin Kwari:
Assalamu alaikum. Tun da Yarima Harry ya ajiye aikin fada a 2020 mutane suka rabu biyu, wasu na cewa matarsa ce ta raba shi da dangi, wasu na cewa dama fada ba ta so auren ba. To a doka, wa zai iya hana ɗan sarki aure? In kuma ya yi kunnen ƙashi, me zai rasa?

Malam Mai Shari'a:
Wa alaikumus salam. Dokar 1772, ta zamanin Sarki George na Uku, ta ce zuriyar George na Biyu ba sa aure sai da izinin mai sarauta, in ba haka ba auren bai ɗauru ba. Wanda ya haura shekara 25 yana da mafita: ya sanar da majalisar mashawartan sarki, ya jira wata 12, in majalisun dokoki biyu ba su ƙi ba, ya yi aurensa.

Dokar 2013, wadda ta fara aiki a 2015, ta soke wannan. Yanzu mutum shida na farko a layin gado kaɗai ke neman izini. Wanda ya yi gaban kansa aurensa na nan, amma shi da 'ya'yan da aka haifa a auren sun fita daga layin. Auren ɗan Katolika ma ya daina hana gado, sai dai mai sarautar kansa ba zai zama Katolika ba.

Hajiya Mai Tarihi:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ba takarda ce ke kashe irin wannan aure ba, coci ne da gwamnati da bakin jama'a. Sarki shi ne shugaban Cocin Ingila, cocin kuwa a da ba ya ɗaura wa wanda ya rabu da abokin aurensa wani aure matuƙar na farkon yana raye. Abin da ya ci Edward na Takwas ke nan a kan Wallis Simpson, wadda ta rabu da mijinta yana raye: gwamnatin Stanley Baldwin ta ƙi, ya sauka a Disamba 1936. Da aka ɗaura auren a Faransa a 1937, ko mutum ɗaya daga danginsa bai je ba. Gimbiya Margaret ita haƙura ta yi da Peter Townsend, wanda ya rabu da matarsa, a 1955.

Sai a 2002 cocin ya sassauta. Duk da haka auren Charles da Camilla a 2005 na rajista ne, Sarauniya Elizabeth ba ta halarci ɗaurin ba, sai addu'ar da aka yi bayansa. Camilla ma ta kauce wa laƙabin Gimbiyar Wales, don jama'a ba su manta da Diana, matar Charles ta farko mai wannan laƙabin, ba.

Malam Mai Shari'a:
Haka ne, Hajiya. Shi ya sa nake ganin masu cewa fada ta hana Harry aure ba su bi zancen ba. Matarsa Meghan bazawara ce, amma Sarauniya ta ba da izini, aka ɗaura a coci a Windsor ranar 19 ga Mayu 2018. Rigimar ta taso ne a kan aiki: sun nemi su riƙa yi wa fada hidima suna kuma neman kuɗinsu, fada ta ce ko ciki ko waje. Harry ya mayar da fam miliyan 2.4 na gyaran gidansu na Frogmore, aka karɓe muƙamansa na girmamawa a soja a 2021, ya kuma faɗi a ƙarar da ya ɗaukaka kan 'yan sandan tsaronsa a 2025. Layin gado kuwa har yau yana ciki, majalisar dokoki ce kaɗai za ta iya cire shi.