Ajin rukuni-rukuni ya fi da maki 1,5: hanyar ce ko dace ne?

Malama Hadiza, Tawa: Assalamu alaikum malamai. A CEG ɗinmu azuzuwa biyu na 5e sun yi jarrabawar lissafi ɗaya. Ajin da ke aiki rukuni-rukuni ya sami mwayan 11,7 bisa 20, ajin da malami ke bayani a allo ya sami 10,2. Yara 50 ne a kowane aji, ekar-tip (ma'aunin yadda makin yara ke warwatsuwa daga mwayan) 3 duka biyun. Na fitar da tazarar amincewa ta 95%, wato iyakokin da ake sa ran ainihin mwayan na tsakaninsu: na farko 10,85 zuwa 12,55, na biyu 9,35 zuwa 11,05. Tunda sun hau juna, ke nan babu bambanci?

Mushe Idi, Yamai: Wa alaikumus salam Malama. A'a, hawan juna ba hujja ba ce. Tazarar bambancin kansa za ki fitar. Ki ninka 3 da 3, ki raba 9 ɗin da 50, kin sami 0,18. Ki haɗa na ajin biyu, 0,36, rasin kare ɗinsa (lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 0,36) 0,6. Ki ninka da 1,98, wanda LOI.STUDENT.INVERSE(0,05;98) ke bayarwa a Excel, ya zama kusan 1,2. Ki rage shi daga 1,5 (bambancin mwayan biyun), ki kuma ƙara: 0,3 zuwa 2,7. Sifili bai shiga ciki ba, saboda haka da wuya a ce dace ne kawai. Amma dubi faɗinta. Maki 0,3 bai kai a sake tsarin makaranta dominsa ba, 2,7 kuwa ya kai. A rahotonki ki rubuta iyakokin biyu, ban da 1,5 shi kaɗai.

Malam Sani, Tawa: Lissafin Mushe daidai ne, sai dai ya ɗauka yara 100 ɗin kowa zaman kansa yake. Ba haka ba ne, ƴan aji ɗaya malaminsu ɗaya, lokacin darasinsu ɗaya. In malamai biyu ne, ba ki da hanyar raba ƙwazon malami da amfanin hanyar, kuma tazarar ta fito da ƙunci fiye da gaskiya. Ki nemi aƙalla azuzuwa huɗu ko biyar kowane ɓangare, ƙuri'a ta raba musu hanya, sannan ki yi lissafin da mwayan na aji.

Malama Hadiza: Na gode malamai. Malamai biyu ne, kuma bana azuzuwan nan biyu kawai gare mu.

Malam Sani: To ki ɗauko makin kowane yaro na farkon shekara, ki cire shi daga na yanzu, ki yi lissafin Mushe a kan ƙarin da ya samu. Wannan zai rage matsalar ajin da tun farko ya fi ƙarfi, amma maganar malami tana nan. Takardun kuma mutum ɗaya ya gyara su da barem ɗaya, a rufe suna da aji.