Na sa sababbin tayoyi, motar ta fara janye ni hagu

Ɗan Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Toyota 86 ce ta 2013, 'yar Beljiyam, kuma tun da na saye ta sitiyarinta bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Ranar Asabar na canza tayoyi huɗu duka, sababbi fil, girman da kamfani ya sa, 215/45R17. Ina hawa titin Zariya na ji ba ita ba ce. In na kai gudun 80 na ɗan sassauta hannu, sai hancinta ya kama hagu, a hankali amma ba fashi, ta nufi kankaren tsakiyar titi. Ba karkarwa, ba ƙara, in na taka birki tana tsayawa a miƙe. Amma kullum ina riƙe da ita, har kafaɗata ta fara ciwo.

Mai facin ya ce in yi haƙuri, sabuwar taya sai ta zauna. Makanikena ya ce alaimen. Ni kuma na duba tsofaffin tayoyin, sun cinye daidai, ba ta gefe ɗaya ba. Motar nan don daɗin tuƙinta na saye ta, yanzu tsoron hawanta nake. Ta ina zan fara?

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, iska tukuna. Masu faci kan ɗura iska da yawa don bakin taya ya kama wili, wani ya rage, wani ya manta. Sayi gejinka, ka auna da sassafe kafin ka motsa ta. Lambar awon iskar da kamfani ya sa tana jikin ƙofar direba, ina ganin taka 35 ce. Mota ɓangaren da iska ta yi ƙasa take bi.

Na Sabon Gari:
Alaimen ne malam, kar ka wahalar da kanka. Ramin da muka sha a daminar bana ba ƙafar motar da ya bari. Tsohuwar taya tana ɓoye laifi, sabuwa ce ke tona shi.

Usta Ƙofar Ruwa:
Na Sabon Gari, maganarka tana faruwa, na sha gani. Amma ban yarda a fara da kashe kuɗi ba alhali akwai gwajin da jak da sifana kawai yake buƙata.

Ɗan Hotoro, lura da abu ɗaya. Titunanmu ana gina su da ɗan gangare zuwa gefe don ruwa ya sauka, mu kuma dama muke bi, don haka lafiyayyar mota in ka sake ta dama take ɗan zamewa. Taka hagu take yi, wato hawa take, akwai abin da ke tura ta. Kuma ranar da aka taɓa taya abin ya fara, ba wanda ya taɓa tairod.

A cikin taya, ƙarƙashin roba, akwai ɗamarar wayar ƙarfe. Idan tun a masana'anta ta ɗan goce daga tsakiya, gefe ɗaya sai ya fi ɗaya tauri. Da ido ba za ka gani ba, balansin ma ba ya nuna shi, amma da nauyin mota ya hau kanta sai ta riƙa birgima kamar kofin shayi da aka kwantar a tebur, baki faɗi, gindi tsuke, dole ya karkace. Irin wannan ba ta zama, ko shekara za ka yi kana jira.

Bayan ka daidaita iska, ɗauki tayar gaba ta hagu ka kai dama, ta dama ka kawo hagu, da wilinsu. Koma titin nan dai, gudu ɗaya. In ta juya dama ko ta daina, taya ce. In tana nan hagu, to je ka alaimen, ka ce a buga maka takardar awon, domin a gaban 86 kamfani bai bar wurin saita kamba ba, wato jinginar taya ciki ko waje. In kambar ta kauce sosai, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe. Kafin ka musanya duba gefen tayar: in akwai kibiya, hanya ɗaya take juyawa, gwaji kaɗan za ka yi a busasshen titi ka mayar. Da ka tsaya kuma kusantar da hannu ga wilin gaba biyu. In na hagu ya fi zafi, kalifar birki ce ta riƙe.

Ɗan Hotoro:
Kawu, Usta, Allah ya saka da alheri. Iskar ta gaban dama ta haura 40, na dawo da duka 35, ta ragu kaɗan amma ba ta daina ba. Wili ba zafi, kibiya babu. Da na musanya na gaba, wallahi ko sha-tale-talen Dangi ban wuce ba ta fara neman dama, da ƙarfi ma fiye da da. Yanzu wacce ce a cikin biyun?

Usta Ƙofar Ruwa:
Madalla. Tunda tayoyinka huɗu girmansu ɗaya, aikin ya zo da sauƙi. Musanya ta gaban dama da ta bayan dama, ka sake gwadawa. In ta miƙe, wadda ka mayar baya ita ce mai laifin. In ba ta miƙe ba, ta gaban hagu ce. Sa mata alama da alli. Wasu za su ce ka bar ta a baya ka huta, ni ban so, motarka da baya take ja kuma kuɗin sabuwa ka biya. Duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke gefen tayar, su ne lokacin da aka ƙera ta, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, ka ɗauki hoto. Gobe da safe kai ta shagon da rasit, ka sa mai shagon a kujerar direba ya ji da hannunsa, kafin ya ce rami ka faɗa.